Me fasinjan Kano ke so kafin ya yarda ya kira adaidaita ta waya?

Sadauki_Kwamfuta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokaina biyu mun kusa wata huɗu muna haɗa manhajar kiran abin hawa, irin su Bolt da Uber, amma tamu ta adaidaita sahu ce, kuma a nan Kano za ta fara. Taswira tana aiki, lissafin kuɗi yana aiki, har mun gwada a tsakaninmu daga Kabuga zuwa Zoo Road. Jiya da daddare na nuna wa mahaifiyata ina ta murna. Ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "To idan na danna, wa zai zo?" Na ce duk direban da ya fi kusa da ke. Ta ce, "Ɗan gidan wa ne?" Wallahi na rasa abin da zan ce mata, kuma da tambayar na kwana. Sai na ga ashe mun yi wata huɗu muna gina abin da mu matasa uku muke so, ba mu taɓa zama da masu hawa mun ji ta bakinsu ba. Don Allah duk wanda ke hawa adaidaita ko tasi, ya gaya mini: mene ne zai sa ka yarda ka kira ta waya, mene ne kuma zai hana ka?

Maman_Ilham:
Wa alaikumussalam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ta riga ta ba ka amsar. Ni a wayata akwai lambar masu adaidaita uku. Ɗaya shi ke kai yarana makaranta shekara huɗu ke nan, na san gidansu, na san matarsa, mun je sunan ɗansa. Ranar da ba ni da kuɗi zai kai su, in biya ƙarshen wata. Ranar da ƙaramar ta yi zazzaɓi a makaranta, shi malamar ta kira kafin ma ta same ni. Manhajarka za ta iya wannan? Ba gatse nake maka ba ƙanena, tambaya ce tsakani da Allah. In za ta bar ni in zaɓi direbana da na sani, in ya yi nisa kuma ta nuna mini wani da shi direban nawa ya tsaya masa, to zan sauke ta yau.

Abba_Farm_Centre:
Kuɗi. Magana ta ƙare. In ta fi na bakin titi tsada ba mai hawa.

Ɗan_Kurna:
@Abba ba ta ƙare ba. An taɓa kawo mana mai arha ai. A 2019 OPay sun shigo Kano da adaidaita ta waya, da rahusa sosai, mutane suka yi ta rububi, ɗalibai musamman. Zuwa tsakiyar 2020 kamfanin ya dakatar da harkar sufurin gaba ɗaya ya koma kan hada-hadar kuɗi. Abin da na lura da shi a lokacin, yawancin waɗanda na sani arhar suka bi. Rahusar na raguwa suka koma tsayawa a bakin titi, don ba wata matsala tasu da manhajar ta warware banda ta aljihu. A Kano ka fito ƙofar gida ka ɗaga hannu, kafin ka sauke shi adaidaita biyu sun tsaya. Wanda ke kan babban titi ba ya neman wanda zai nemo masa abin hawa. Sadauki, ka nemi waɗanda ɗaga hannu ba ya yi musu aiki, su ne mutanenka.

Nas_Mai_Dare:
Ga ni nan, ni ce wadda ɗaga hannu ba ya yi mata aiki. Ma'aikaciyar jinya ce ni, ina yin aikin dare. Tun da gwamnati ta sa dokar hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a watan Yulin 2022 na san mene ne rashin abin hawa. Amma bari in bar kaina in yi maganar marasa lafiya. Na sha karɓar mace da naƙuda ta kama ƙarfe biyun dare, an ɗauko ta a bayan babur tsakanin mijinta da ƙanwarsa, don sun buga ƙofar maƙwabta uku masu mota ba wanda ya ji. Wata ta iso jini ya riga ya zuba da yawa. Mijin yana tsaye a baranda takalminsa ƙafa ɗaya, bai ma san ɗayan ya faɗi a hanya ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

In da za a samu lamba ɗaya da mutum zai kira cikin dare, ya san tabbas mota za ta zo, ko da tsada, da an ceci rayuka. Ka lura na ce lamba. Mutumin da matarsa ke murƙususu ba zai tsaya buɗe data yana neman kansa a taswira ba.

Sadauki_Kwamfuta:
Innalillahi. Anti, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mu duk tunaninmu ɗalibi da ma'aikacin ofis. Ina rubutawa.

Malam_Mai_Alli:
Bari in ɗan koma baya don yaran da ba su san asalin abin ba, domin yana da nasaba da tambayar Hajiya. Sunan nan "A Daidaita Sahu" ba sunan mashin ba ne tun farko, sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A ƙarƙashinsa aka kawo kekunan nan masu ƙafa uku wajen 2005, kuma an kawo su ne musamman domin mata su daina hawa acaɓa suna manne da namijin da ba muharraminsu ba. Har labule ake sa musu. Wato tun ranar farko, buƙatar da ta haifi adaidaita a Kano buƙatar sutura ce da mutunci, ba ta sauri ba. Duk wanda zai gina wani abu a kanta ya manta da wannan, ya yi gini ba tushe.

Abba_Farm_Centre:
Malam ni na ɗauka sai da aka hana acaɓa a 2012 aka kawo su.

Malam_Mai_Alli:
A'a ɗana. Suna nan tun kafin nan, sai dai ba su da yawa. Kuma hana acaɓa ba 2012 ba ne, a watan Janairun 2013 ne, zamanin Kwankwaso, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan ne 'yan acaɓa suka koma adaidaita, maza da mata kowa ya koma hawa, gari ya cika da su.

Direba_Ɗan_Sheka:
Salamu alaikum. Kowa na maganar fasinja, to ni direba ne, shekara tara ina tuƙa adaidaita, kuma in ba mu ba manhaja ba za ta ɗauki kowa ba. Ranka ya daɗe injiniya, bari in nuna maka yadda muke cin abinci. In na taso daga Sheka zan shiga Bata, kujerar baya mutum uku ce, amma ba mutum uku nake ɗauka ba. Wani zai sauka a Zoo Road in ɗauki wani, wata ta sauka a Ɗangi in ɗauki wata. Kafin in isa, kujera ɗaya na sayar da ita sau biyu ko uku. Da haka nake haɗa kuɗin mai, in haɗa balas ɗin mai mashin, in biya na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, da na ƙungiya, abin da ya ragu in kai gida.

Yanzu kai ka ce waya ta yi ƙara in bar layina in shiga lungu in ɗauko mutum ɗaya. Zuwan da zan yi wurinsa ba kowa a baya, man wa na ƙona? In na isa ya ce in jira yana sa takalmi, minti goma ta tafi, a cikinta da na yi lodi biyu. Wannan shata ce, kuma kuɗin shata daban ne. Sannan ku ma ku cire naku kason. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ba direban da ke wasa da tafiyar banza. Ba ƙin ci gaba muke ba. Ku dai zauna da mu ku yi lissafin da biro da takarda kafin ku sa farashi.

Bature_Legas:
Maganar Ɗan Sheka gaskiya ce. Ni a Legas nake, na yi shekara biyu ina jan mota a manhaja. Kason kamfanonin nan yana kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin tafiya, mai da gyara kuma duk a wuyanka. Shi ya sa a watan Yunin 2023 direbobin manhaja suka tafi yajin aiki suna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kason. Abin da fasinja ba ya gani shi ne, in direba bai gamsu ba shi fasinjan ne ke shan wahalar: a kira ka a tambaye ka ina za ka, in wurin bai yi wa direba ba ya soke, ko ya ce ka kashe manhajar ku yi ciniki a baki. Kuma ka sa ido kan gwamnati. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 Legas ta hana okada da keke, wato acaɓa da adaidaita, a manyan sassan gari, kamfanoni irin su Gokada da suka zuba kuɗi a babura dole suka koma kai saƙo. Doka ɗaya ta rushe lissafin shekaru. Ka je ka gaida KAROTA da shugabannin ƙungiyar masu adaidaita tun kafin su ji labarinka a bakin wani.

Hajiya_Kwari:
Ɗana, ni atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina kaiwa gidaje. Matsalata kaya. In na fito da dila biyu, sai in tsayar da adaidaita biyar kafin ɗaya ya yarda, in ya yarda kuma sai mun yi ta ja-in-ja a rana, 'yan dako na tsaye suna jiran sallama. In manhajar taka za ta bar ni in faɗa tun daga cikin shago cewa ina da kaya kaza, za ni Rijiyar Lemo, a yanke kuɗi a gama, wanda ya yarda ya zo, to ka rage mini wahala babba. Amma ka sani ban iya karatun boko sosai ba. Wannan ma 'yata ce ke rubuta mini. A WhatsApp duk cinikina da murya nake yi. Ka sa wurin da zan danna in yi magana.

Ummu_Sudais:
Hajiya ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Murya, kuma da Hausa. Sannan maganar taswira da kuke ta yi, ku zo cikin gari ku gani. Gidanmu a cikin birni yake, bayan Mandawari. Lungunmu ko adaidaita ba ya shiga sai dai babur, kuma ba lamba a jikin gida, ba suna a lungu. In zan yi wa baƙo kwatance cewa nake: ka wuce masallaci, ka bar mai shayi a hannun hagu, lungu na biyu inda aka ɗaure raguna, ka tambayi yara gidan masu alkaki. Haka duk unguwar ke yi. Na taɓa kiran mota da wata manhaja, alamar ta nuna wa direban ina wani layi can daban, muka yi ta waya har katina ya ƙare, daga ƙarshe ya soke ya tafi, ni kuma bikin da zan je har an kai amarya. Ku bar mutum ya ajiye kwatancen gidansa da muryarsa sau ɗaya, duk direban da zai zo ya saurara.

Sadauki_Kwamfuta:
Wannan shawara ta kwatance da murya ta fi duk abin da muka tattauna a wata huɗu. Kuma ba wuyar yi gare ta ba. Na gode Yaya.

Ɗan_Kurna:
Ka ƙara da sunayen da mutane ke kira, ba na takarda ba. Ba wanda zai ce maka a kai shi titi kaza mai sunan wani tsohon gwamna. Cewa zai yi Kwanar Ungogo, Gadar Lado, Ƙofar Ruwa, 'Yankaba, Sabon Titi, Tal'udu. In manhajar ba ta gane waɗannan ba, ba ta san Kano ba.

Zee_BUK:
Mu ɗalibai fa kar a manta da mu saboda an ce ba mu ne kaɗai ba. Ni daga Hotoro nake zuwa sabuwar jami'a, hanyar Gwarzo. Hawa biyu ne, wani lokaci uku, in lakcar ƙarfe takwas ce sai na fito gari bai gama wayewa ba. Shata ba ta cikin lissafina ko kusa. Abin da nake so shi ne haɗaka: manhajar ta haɗa ni da wasu mata biyu 'yan unguwarmu da su ma can za su, direba ɗaya ya riƙa ɗaukarmu kullum, mu raba kuɗin. Shi ya samu lodi tabbatacce tun da safe, mu mun huta da canjin mota a Kabuga. Yanzu ma haka muke yi a wani zaure na WhatsApp na 'yan ajinmu, sai dai kullum cikin rikici ake: wata ta makara, wata ta fasa ba ta faɗa ba.

Direba_Ɗan_Sheka:
To ka ji magana. Wannan da ƙanwata Zee ta faɗa zan karɓa da hannu biyu. Lodi cikakke, hanya mai tsawo, kullum. Ko an rage mini wani abu a kai na yarda, don na san da me zan fara rana. Amma wadda ta fasa ba ta faɗa ba, wa zai biya kujerarta?

Zee_BUK:
Ita za ta biya mana. A riƙa biyan na mako tun ranar Lahadi.

Abba_Farm_Centre:
Kun ga dai maganata ta dawo. Kuɗi ne.

Maman_Ilham:
Abba, ba kuɗi kaɗai ba ne. Ka karanta abin da Zee ta rubuta da kyau, cewa ta yi "wasu mata biyu". Ba ta ce duk wanda aka samu ba. Kai ba ka san abin da mace ke ji ba in ta shiga adaidaita da magariba, aka yi gaba kaɗan wasu maza biyu suka shigo suka sa ta a tsakiya, direba kuma ya saki hanya ya ce zai kauce wa cunkoso. Wataƙila mutanen kirki ne. Amma har ki sauka zuciyarki na bugawa, kina riƙe da jaka kina karanta duk addu'ar da kika sani. Na fi yarda in ƙara kuɗi in san cewa mijina na ganin inda nake a wayarsa, kuma akwai ofishin da ke da hoton direban da lambar mashin ɗinsa da sunan wanda ya tsaya masa.

Baban_Khalifa:
Ina goyon bayan Maman Ilham. Ni ne mai biyan kuɗin motar gidana amma ba ni ne mai hawa ba. Ina kasuwar Dawanau tun safe, iyali za su je awo ko gaisuwar mutuwa. Abin da nake buƙata in kira musu abin hawa daga inda nake, in biya daga nan, in ga sun isa. Matata wayarta ƙarama ce mai maɓalli. Ka yi tunanin wannan injiniya: a gidaje da yawa mai kira daban, mai hawa daban, kuma mai hawan ba ta da babbar waya. A turo mata saƙon tes da sunan direba da lambar da ke jikin mashin ya isa.

Ɗan_Kurna:
Akwai kuma wanda yana da babbar wayar amma ba zai fito da ita a bakin titi ba. Da ƙwacen wayar da ake fama da shi a garin nan, wa zai tsaya a Ƙofar Ɗan'agundi bayan isha'i yana haska fuska da waya yana jiran direba? Dole mutum ya iya kira daga cikin gida ko shago, ya mayar da ita aljihu, sai an iso a kira shi.

Direba_Ɗan_Sheka:
Mu ma tsoron muke ji fa. Kuna maganar a san direba, to shi fasinjan wa ya san shi? Abokin aikina an yi shatarsa zuwa bayan gari da yamma, suka kai shi inda ba mutane suka karɓe mashin ɗin. Allah ya sa da ransa ya dawo, amma mashin na mutane ne, saura wata biyar ya gama biya ya zama nasa. Yau shekara biyu yana biyan bashin abin da ba ya hannunsa. In za ku karɓi hotona da katin ɗan ƙasata, shi ma mai kira ku karɓi nasa.

Issoufou_Maradi:
Sallama daga Maraɗi. Ina bin zancen da sha'awa don mu ma nan kabu-kabu da adaidaita muke hawa, sunan ma daga wajenku ya zo mana. Abin da Maman Ilham ta faɗa haka yake a nan, kowane gida da ɗan kabu-kabunsa, har cefane ake ba shi ya kai. A Yamai kuma tasi ta haɗaka ce, kana tsayar da ita ka faɗi unguwar da za ka, in hanyarsa ce ya ce shigo, in ba ita ba ya wuce. Wato raba mota da baƙo ba sabon abu ba ne gare mu, Turawa ne suka gano shi daga baya suka sa masa suna. Abin da ya rage kawai a san wa ke cikin motar.

Mai_Sanda:
Assalamu alaikum. Ni makaho ne, da manhajar da ke karanta mini rubutu nake bin wannan zaure. Na ga ba wanda ya ambace mu, shi ya sa na ce bari in sa baki. Ɗan Kurna ya ce a Kano ka ɗaga hannu adaidaita biyu sun tsaya. Ni ina iya ɗaga hannu minti ashirin. Wasu direbobin in sun ga sanda sai su ɗauka bara zan yi, su wuce. In wani ya tsaya kuma ban san ko da mutane a ciki ba, ban san ko ya kai ni inda na ce ba sai na sauka na tambaya. An taɓa sauke ni a tsallaken titi aka ce mun iso, ashe sai na ƙetare hanya mai hannu biyu, na tsaya nan har Allah ya kawo wani yaro ya riƙe mini sanda.

Ina aiki, ina da albashi, zan biya shata. Abin da nake roƙo biyu ne. Ku sa wa kowane maɓalli suna yadda mai karanta allo zai faɗa mini mene ne, don manhajoji da yawa in na taɓa sai in ji "maɓalli" kawai, ban san na mene ne ba. Sannan a sami inda zan sanar da direba tun kafin ya zo cewa ba na gani, in ya iso ya sauko ya yi mini magana, kar ya tsaya nesa yana hon. 'Yan'uwanmu masu keken guragu su ma suna da nasu bayanin, ku neme su ku ji daga bakinsu.

Sadauki_Kwamfuta:
Malam Mai Sanda, na ji kunya ƙwarai, domin na duba yanzu, maɓallanmu ko ɗaya ba shi da suna. In ka amince zan so ka zama cikin masu gwada ta kafin kowa.

Mai_Sanda:
Na amince, Allah ya taimaka.

Hajiya_Kwari:
Na dawo. 'Yata ta karanta mini maganar biya daga nesa. Yana da kyau, amma kar ku hana kuɗin hannu. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 kowa ya koma tiransifa dole, mun ga yadda aka yi: kuɗi ya fita daga wajenka, bai shiga wajen mai adaidaita ba, kuna tsaye a titi kuna jiran alat, shi yana ganin za ka cuce shi kai kana ganin ya ɓata maka lokaci. Wanda ya so tiransifa ya yi, wanda ya so ya miƙa a hannu ya miƙa.

Direba_Ɗan_Sheka:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma mai da balas kullum ake biyansu. In kuɗina zai kwana a wajenku sai ƙarshen mako, da me zan sha mai gobe? Sai dai ta wani gefen tiransifa ta raba mu da rigimar canji. Da safe mutum ya miƙo maka dubu ɗaya a tafiyar kusa, ka bi masu shago kana roƙon canji, fasinjojin baya suna ta faɗa.

Hadiza_Kubwa:
Daga Abuja nake. Mu nan abin da ya tura mutane da yawa ga manhaja tsoron 'yan wan-cans ne, motocin da za ka shiga ka ɗauka fasinjoji ne ashe duk ɓarayi ne. Amma mai aiki a cikin gari yana kwana a Kubwa ko Mararaba ba zai iya kiran mota kullum ba, albashin ba zai kai ba. Sai ka ga da safe an bi motar haya ta bakin hanya, in dare ya yi ko an ɗauko albashi a kira ta waya. Don haka Sadauki kar ka sa ran wanda zai hau kullum. Mutum ɗaya yau fasinjan titi ne, gobe in zai je asibiti da tsohuwarsa ko zai tari jirgin safe ya zama naka. Wani abin kuma da masu manhajar kiran mota ta inDrive suka gane, mutanenmu suna son a bar su su taya. Farashin da aka yanke maka ba ka ce uffan ba, ko da daidai ne, sai ka ji kamar an ƙware ka.

Bature_Legas:
Tayin yana da nasa aibin Hajiya Hadiza. In direbobi sun yi yawa fasinja ya yi ta karya farashi, mai tsananin buƙata ya karɓa a kan asara, mota ta lalace ba kuɗin gyara. A sa ƙasan da ba za a sauka ƙarƙashinsa ba.

Malam_Mai_Alli:
Ina so in koma kan tambayar mahaifiyar yaron nan, don na ga mun yi nisa. "Ɗan gidan wa ne?" Kamfanonin waje amsarsu ita ce taurari: baƙi sun hau sun ba shi huɗu ko biyar. Mu a nan ba haka muke auna mutum ba. In za a ba yaro mashin, ai sai wani babba ya tsaya masa. In za a ba shi aure sai an tambayi liman da mai unguwa. Me zai hana a jikin sunan kowane direba a rubuta unguwarsa, da tashar da yake lodi, da cewa shugaban tashar ya san shi? Tsohuwa in ta ji an ce ɗan Ɗorayi ne, a tashar kaza yake, hankalinta zai fi kwanciya fiye da taurari ɗari.

Ummu_Sudais:
Malam ina da ja kaɗan a nan, a gafarce ni. Akwai yaran kirki da suka zo daga ƙauye ko daga wata jiha neman abinci, ba su da babban da zai tsaya musu a Kano. In aka ce sai mai dangi a gari, an rufe musu ƙofa. Kuma sanin gida ba ya hana mugun hali, wanda ya taɓa yi mini rashin mutunci a hanya ɗan unguwarmu ne, da na kai ƙara cewa aka yi in yi haƙuri ɗan gida ne. Ni na fi son in san cewa in na kai kuka za a saurare ni a ɗauki mataki, ko ɗan waye.

Malam_Mai_Alli:
Kin kawo abin dubawa 'yata. Ban ce a rufe wa baƙo ƙofa ba, amma na yarda tsayawar wani ba ta isa ita kaɗai.

Zee_BUK:
Tunda an fara ganin mata na tuƙa adaidaita a garin nan, a sa zaɓin mace direba mana. Ko da jira zan yi.

Nas_Mai_Dare:
Sadauki, na ga zancen dare ya nutse a cikin sauran. Adaidaita ba za ta yi muku aikin dare ba in doka ta hana, sai mota. A kowace unguwa akwai masu motar da za su yarda a tashe su in an san za a biya su kuma an san mai kiran. Ku fara da unguwa ɗaya ku gani. Masu zuwa wankin ƙoda ma ku tuna da su, sau biyu ko uku suke zuwa a mako, in an gama ba su da ƙarfin tsayawa a titi.

Sadauki_Kwamfuta:
Ban manta ba Anti, shi na rubuta a saman takarda. Gaskiya yanzu kaina ya rabu biyu: ko mu fara da haɗakar ɗalibai da 'yan makaranta irin ta Zee da Maman Ilham, ko da layin kira na dare. Abokaina na ganin ba za mu iya duka biyun a tare ba. Malam Ɗan Sheka, in ba damuwa ina so in zo tasharku in zauna da ku, in kuma bi ka yini ɗaya a gaba in ga yadda lodin ke tafiya.

Direba_Ɗan_Sheka:
Ba damuwa, ka zo ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin ƙarfe bakwai muna nan wajen mai shayi. Ka taho da biro da takardar. Zan yi wa shugabanmu magana yau, akwai kuma dattijo a cikinmu da ya yi acaɓa tun kafin a hana, shi ya fi ni sanin waɗanda ke kiran waya da dare.

Hajiya_Kwari:
In ka gama da su ka biyo Kwari, 'yan dako ma suna da abin faɗa a kan kaya.